Zakaran Buɗe Kabarin Bay Thoi

Bay Thoi ya hana ni aron zakaransa ranar da aka dawo da shi daga asibiti.

Yana kwance a ragar lilo a barandar gidansa. Ƙafafu sun kumbura, ciki ya kumbura, sauran jikin ƙashi da fata. Zakaran yana tsaye a kan ƙirjinsa yana gyaran fiffike. Na tsuguna daidai kunnensa na dama, wanda yake da ɗan sauran amfani, na ɗaga murya.

"Yaya Bay! Ka ara mini Kyaftin!"

Ya kai tafin hannu bayan kunne. "Eh? Kifi?"

"Kyaftin! Kajina suna saka ƙwai!"

"To ka soya mana."

Ya ji ni sarai. Na san fuskarsa in bai ji ba, na san ta in ya ji yana so ya ja mini rai. Tun muna samari muke maƙwabtaka a bakin wannan mashigin ruwa, a bayan garin Tan Chau. Ni noman shinkafa, shi jirgin fito. Injin jirgin ne ya cinye masa kunnuwa. A kansa ya ƙare ƙuruciyarsa, yana kai mutane da baburansu ƙetaren kogi yana dawowa da wasu, har ya zama ko tsawa aka yi sai dai ya ji ta a tafin ƙafa.

"Sati guda kawai," na ce. "Da hannuna zan dawo maka da shi."

"A'a."

"Don me?"

"Yana da aiki."

"Wane aiki ne da zakara in ba wannan ba?"

Ya shafa bayan Kyaftin da yatsa ɗaya. Can ya yi magana da babbar muryar nan ta kurame, wadda ake ji har bakin hanya.

"Shi zai buɗe mini ƙofar kabari."

Kowa a nan ya san yadda abin yake. Wanda aka binne ba ya sanin ya mutu. Yana kwance ne kawai cikin duhu kamar wanda barci ya danne. A rana ta uku dangi su zo da kaza, a ɗaure ta a jikin rake, a zagaya kabarin da ita har ta yi kuka. Kukan ne ke farkar da shi, ya hau ɗan tsanin da aka jingina masa, ya fito ya kama hanyarsa. Kazar kuwa a sake ta a wurin. Ta zama ta mamaci. Ba a ci, ba a kai ta gida.

"Ɗan tsako ake sayowa a kasuwa," na ce. "Haka aka yi wa ubanka. Haka aka yi wa matarka."

"Su suna da kunne."

"Haba, Yaya Bay."

"Nam, ga ka nan kana ihu kamar ana yanka ka, rabin maganarka nake kamawa, shi ma a leɓenka. Babur ba na ji. Gangar haikali ba na ji. Abu ɗaya ya rage da ke shiga kaina, carar wannan. Siririya ce kamar allura. Kullum da safe ita ke gaya mini ina raye. To wa zai gaya mini na mutu? Tsakon kasuwa? Zan yi ta kwanciya a can ina jiran gari ya waye."

"To bari ya taka kajina tukuna, sannan ya yi maka aikinka."

"In ya san hanyar gidanka, ranar da aka sake shi wurin matansa zai gudu. Namiji ne. Kai ma da haka za ka yi."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ni ban yi dariya ba.

Wanda bai yi kiwon kajin gora ba ba zai gane abin da nake roƙo ba. Kyaftin bai fi tattabara girma da wani abin kirki ba. A tafin hannu ɗaya yake tsayawa. Gashin wuyansa launin nunanniyar ayaba ne, ya zubo ya rufe masa baya kamar silikin garinmu. Ƙirji baƙi wul, a turo gaba. Fikafikai a sauke har suna rufe ƙafafu, ƙafafun gajeru, rawaya. Zanko ɗan dunƙule, ba irin falle-fallen nan na kajin nama ba. Jela kuwa ta tashi sama ta lanƙwaso, ta fi jikinsa tsawo, bakinta yana sharar ƙasa. Ga zuciya. Na ga ya kori kare daga tsakar gida. Kakanninmu sun kira irinsu kajin gora, don a gindin gora suke kiwo, a kanta suke kwana.

A da, kowane gida a mashigin nan yana da su. Shekarar murar tsuntsaye ma'aikata suka zo da fararen riguna da buhuna, suka haƙa rami, suka zuba duk wani mai fiffike, suka bi da farar ƙasa. Nawa duka suka tafi. Bay Thoi ya ɓoye zakara ɗaya da kaji biyu a ƙarƙashin katakon jirginsa, kusa da inji, inda ƙara ba za ta bari a ji su ba. Daga nan irin ya sake tashi, shi ya ba ni nawa. Samarin yanzu kuwa sun shigo da ƙananan kajin ƙasashen waje sun gauraya, sun ce sun fi kyau a hoto. Ka bi mashigin nan daga kai har ƙafa, tsantsar jini sai a gidana da gidansa. Zakarana maciji ya kashe shi bara. Saura kaji biyu a wurina, sun fara manyanta. Saura Kyaftin a wurinsa, shi kaɗai.

Na miƙe, na karkaɗe wandona.

"Ka tafi da shi ramin, ka tafi da irin duka," na ce.

"Eh?"

Ban maimaita ba.

Na ƙaurace wa gidansa. Matata Muoi ce ke kai masa kunun shinkafa safe da yamma, don ɗansa Tong yana aiki a masana'anta a birni, ba kowa a gidan sai shi da zakara. Duk dawowar da za ta yi sai ta dangwara kwanon a gabana.

"Ya tambaye ka."

"Na ji."

"Ya ce wai ko kai ma ka kurmance."

"Na ji, na ce."

"Tsofaffi biyu, haƙoransu duka ba su cika baki ɗaya ba, suna gaba a kan tsuntsun da ko tukunyar miya ba zai yi wa ɗanɗano ba. Ranar da zan mutu, maigida, kar ka wahalar da kanka. Ni kwaɗo ma ya ishe ni, ina da kunne."

"Kina da baki dai."

"Da shi nake gaya maka mutumin nan ba zai ga cikar ruwa ba."

Kajina suka yi ta saka ƙwai. Ƙwan da ba zakara ba ya zama komai. Ɗaya ta yi kwanci a kansu duk da haka, ta ƙi ci, ta ƙi tashi, har suka zama baragurbi na zubar a ruwa.

Ruwan sama ya kankama. Wata safiya Muoi ta dawo ba ta dangwara kwanon ba. Ta ajiye shi a hankali, kunun yana nan yadda ta kai shi.

"Ya ce ka kawo kajin gidansa."

Na sa su a kwando na haye 'yar gadar gora da ke tsakaninmu. An mai da Bay Thoi ɗaki, kan gadon ƙarfe, kusa da teburin hotunan kakanni. Ɗakin yana warin magani da baƙin mai. Jirgin an daɗe da sayarwa, amma warin man bai taɓa barin jikinsa ba. Kyaftin yana kan ƙarfen gado daidai kansa.

"Ka zo, mai taurin kai," ya ce.

"Na zo, kurma."

"A nan za a yi. A gabana. Ba zai taka gidanka ba."

Na buɗe kwandon. Tun kafin su fito na san an makara. Sanyin damina ya sa sun fara zubar da gashi. Wuyansu ya yi sanƙo, zankonsu ya koɗe, ƙwai ya tsaya. Kyaftin ya diro, ya sauke fiffike ɗaya, ya zagaye su yana rawa yana 'yar gunaguni. Suka ruga ƙarƙashin gado suka maƙale a lungu. Ya bi su, suka caccake shi da baki.

Bay Thoi yana kallo da kai a karkace.

"Kamar ni da matata a shekarar farko," ya ce. "Yaushe za su dawo daidai?"

"Wata guda! Ko fiye!"

"Wata guda."

"Ka jira, Yaya Bay!"

"Gaya wa wannan," ya ce, ya buga kumburarren cikinsa. Ya yi ƙara kamar tulu.

Daga ranar kullum ina can. Ba hira muke yi ba, hira da shi aiki ne. Ina zaune ina fere gora, yana kwance yana kallon rufi. Da asuba in Kyaftin ya yi cara, sai ka ga idonsa ya buɗe farat, ya ɗan yi murmushi, kamar wanda aka kira sunansa a cikin taro. Wata rana ya riƙe mini wuyan hannu. Ƙarfin mai jan igiyar jirgi yana nan a yatsunsa.

"Tong yaron kirki ne, amma ɗan birni ne. Zai ce duk kaza kaza ce. Kai ka sani."

"Na sani."

"Eh?"

Na gyaɗa masa kai. Ya sake ni.

Da tsakar rana ya tafi, ana yayyafi. Muoi tana goge masa baki da tsumma, ni ina bakin ƙofa. Ba wani abu da ya faru. Numfashi ya fita, na jira na bayansa, bai zo ba. Kyaftin ya sauko daga ƙarfen gado, ya taka ƙirjinsa, ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya, sannan ya fita baranda.

Tong ya iso da yamma, idanu jawur, ya ɗaura farin ƙyallen makoki a goshi. Ya yi duk abin da ɗa ke yi, bai rage komai ba. Aka binne Bay Thoi a tudun bayan gidajenmu, kusa da matarsa, a gindin tsohon mangwaro. Aka ɗaga ginin kabarin sosai saboda ruwan da ke tafe.

Da mutane suka watse, sai ga Tong a tsakar gidana da akurkin gora a hannu. Kyaftin na ciki.

"Baffa Nam, ga shi. Naka ne."

"Ubanka bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini a waya, har sau nawa. Amma na tambayi malamin addu'a, ya ce kowace kaza ta yi, mamaci ba da kunnen jiki yake ji ba. Na riga na sayo tsako. Baffa, tsoho ya sha wahala a kan irin nan, ya kusa shiga hannun hukuma saboda su. In aka sake wannan a tudu, shaho ko gafiya, kwana nawa zai yi? Ni ɗaki ɗaya nake haya a birni, ba inda zan sa shi. Ka riƙe. Ka fitar da 'ya'yansa, ka sa wa ɗaya sunan tsoho."

Maganarsa ba ta da aibu. Na duba, ban sami inda zan kama ta ba. Na karɓi akurkin.

Na ajiye shi a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da gidan, nesa da kajin, na zuba masa shanshera da ruwa. Ya ci kaɗan. Gari ya waye, zakarun mashigi suka yi ta cara daga wannan gida zuwa wancan. Kyaftin bai buɗe baki ba. Yana tsaye a ƙafa ɗaya, fuskarsa wajen gidan Bay Thoi.

"Baƙunta ce," in ji Muoi.

Washegari ma haka. Na zauna a kan matakala tun duhu-duhu ina jira, bai yi ba. Na kalli barandar maƙwabcina. Ba a kwance ragar lilon ba, iska tana ɗan kaɗa ta. Sai na ga kamar yana can ƙarƙashin siminti, a kwance, kai a karkace, tafin hannu a bayan kunne. Ba ya jin tsoro. Jira kawai yake, irin jiran da yake yi a bakin kogi kafin fasinja su cika. Warin baƙin mai ya zo mini a hanci. Na shiga gida na wanke fuska, bai tafi ba.

Ranar buɗe ƙofar na bar Kyaftin a gida, na hau tudu tare da mutane. Muoi ta dube ni, ta dubi akurkin, ba ta ce komai ba. Rashin maganarta ya fi maganarta ciwo.

Malamin addu'a tsoho ne mai sauri, yana da wani mamacin a ƙauyen gaba. Ya kafa guntayen gora a gefen kabari, cike da shinkafa da gishiri da ruwa. Ya jingina ɗan tsani na ɓawon itacen ayaba. Aka kunna turaren tsinke. Ya ɗaure ƙafar tsakon da zare a jikin rake, ya miƙa wa Tong, ya fara karatu. Tong ya ja, dangi suka bi shi a baya. Tsakon yana tuntuɓe yana ɗan kuka, tsiyau, tsiyau. Ina tsaye taku kaɗan daga wurin, kunnuwana lafiya lau, amma sai da na kasa kunne kafin na ji shi a cikin iskar mangwaro.

Malamin ya ɗaga hannu. "To, ƙofa ta buɗe. Sai a..."

"Dakata," na ce.

Kowa ya juyo.

"Bai ji ba."

"Dattijo, an gama. Mamaci ba ya..."

"Kai ka san shi? Ka taɓa kiransa daga bakin gada? Ni na kira shi har muryata ta dushe, yana zaune yana ɗinkin taru. Wannan abin da kuke ja, ni ma da kyar na ji shi."

"Baffa Nam," in ji Tong, a hankali.

"Ku tsaya a nan. Kada wanda ya kashe turare."

Na sauka daga tudun, na ɗauko Kyaftin a tafin hannu, ban ko ɗauki akurki ba. Zuciyarsa tana bugawa a yatsuna da sauri-sauri. Na bi ta gefen kajina. Sabon gashi ya fara tsiro musu a wuya kamar ƙaya. Ban tsaya ba.

Ni na ɗaure masa zaren da kaina, sako-sako, don kar ya ji ciwo. Tong ya ja raken. Kyaftin ya bi da ƙafarsa, bai yarda a ja shi ba. Jelarsa tana jan laka. Wannan jela, da Bay Thoi ke wanke ta da ruwan ɗumi yana tsane ta da rigarsa. Aka zagaya. Bai yi kuka ba. Aka sake zagayawa, aka kuma. Shiru. Turare ya ci rabi. Wata mata a baya ta fara cewa wannan ba alama ce mai kyau ba.

Malamin ya karyo tsumagiya. "A ɗan taɓa shi, zai yi."

Na riƙe tsumagiyar.

"Kukan duka ba shi yake ji ba. Cara yake ji."

"To ka sa shi ya yi carar mana, tunda yarensu kake ji."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ban kula ba. Ba a sa zakaran gora abin da bai yi niyya ba. Muka tsaya. Yayyafi ya fara sauka a kan fararen ƙyallaye.

Can ƙetaren mashigi wani ƙaton zakaran nama ya saki cara, mai kauri, irin ta marasa kunya. Kyaftin ya tsaya cak. Gashin wuyansa ya tashi. Irinsu ba sa jin ƙato ya yi magana su ƙyale. Ya yi tsalle da zaren a ƙafa ya hau kan kabarin, ya turo ƙirji, ya buga fikafikai, ya miƙe wuya.

Siririya, doguwa, mai kaifi. Har cikin haƙorana na ji ta.

Tong ya durƙusa ya fashe da kuka. Mata suka kama. Malamin ya watsa hatsi, ya ce yanzu kam ko dutse ya farka. Aka tsinke zaren.

Ni tsanin nake kallo. Ɗan tsanin ayaba, jingine da siminti, ruwa yana ɗiga daga matakansa. Hayaƙin turare ya bi ta kansa ya wuce. Bai motsa ba. Na san ba a ganin motsinsa, ban taɓa jin wanda ya gani ba. Duk da haka na kalla har kowa ya sauka.

Tsakon kasuwa bai kwana biyu ba ya ɓace. Kyaftin ya zauna. Da rana yana tono a gindin mangwaro, da yamma ya tashi sama ya kwana a reshe, da asuba ya diro kan kabarin ya yi cara. Daga gadona nake jin sa. Kullum da safe ina kai masa shanshera a aljihu, in watsa daga nesa, in juyo. Ba na kiransa. Ba na bari ya biyo ni.

Tong ya koma birni. Aka rufe gidan, aka kwance ragar lilo.

Ruwa ya zo kamar yadda yake zuwa duk shekara, ja, a hankali, ba hayaniya. Ya shanye gonaki, ya shanye hanyar tudu, ya hau ginshiƙan gidaje. Tudun ya zama tsibiri. Na koma zuwa da kwalekwale. Kajina kuwa suka gama sauya gashi, suka yi sumul, zanko ya yi ja. Babbar ta fara saka ƙwai. In na miƙa hannu sai ta tsuguna ta buɗe fikafikai, alamar tana son zakara.

Wata safiya na kwance kwalekwale, sai Muoi ta sauko ta shiga ta zauna a gaba. Akwai kwando a cinyarta, da murfi.

"Ina za ki?"

"Gaishe da Yaya Bay. Ko shi ma sai da izininka?"

Na tuƙa. Kainuwa ta rufe ruwan, filafili yana ratsa ta. Da muka isa na ga ruwa ya ci tudun saura kaɗan. Kabarin matarsa ya nutse rabi. Nasa yana sama, ruwa yana lasar gindinsa. Tsanin ayaba ya ruɓe ya yi baƙi, amma yana nan a jingine. Kyaftin yana tsaye a kan simintin. Ya rame. Gashin jela biyu sun karye, akwai jini busasshe a zankonsa, wani abu ya kai masa hari ya tsira. Ya dube mu da ido ɗaya.

Muoi ta kunna turare ta soka a tsagin siminti, ta haɗa hannu ta sunkuya. Sannan ta juyo.

"Maigida, saurara, kar ka katse ni. Na je wurin malamin. Ya ce aiki ya ƙare tun ranar. Ya ce in an wanke zakaran da ruwan ganyen lemo, aka ƙona turare aka nemi izinin mai shi, ba abin da zai biyo shi gida. Tong ma na kira shi, ya ce don girman kakanni a ɗauke shi. Ga izinin na nema yanzu a gabanka. Ruwan nan bai gama hawa ba. Duk gafiyar da ke gonakin nan tudun nan za ta taru, da macizai. Ba zai kai sati ba."

Na dubi Kyaftin.

"Kazarka ta tsufa. Wannan ne saka ƙwanta na ƙarshe, kai ka faɗa da bakinka. In ya mutu a nan, shi ke nan, an gama da su a mashigin nan. Abin da Yaya Bay ya ɓoye a ƙarƙashin inji, kai za ka bar wa gafiya?"

Kwalekwalen ya matsa da kansa ya daki simintin. Kyaftin bai gudu ba. Ya tako har baki, ya tsaya daidai gwiwata, yana kallon aljihuna. Ina ganin ɗigon ruwa a kan gashin wuyansa. Tafin hannuna ya san nauyinsa.

"Yaya Bay ya ji," in ji Muoi, muryarta ta sauka. "Duk mashigin nan an ji carar nan. Ya ji, ya tashi, ya tafi."

"Kin gani?"

"Wa yake gani?"

"Sau nawa kike kiransa in kin kai kunu?"

Ta kau da kai.

"Sau nawa, Muoi?"

"Wani lokaci har sai na taɓa shi."

Na ciro shansherar na zuba a kan kabarin, duka, har da ta ƙasan aljihu. Kyaftin ya sunkuya ya fara ci. Na sa filafili a jikin simintin na tura. Ruwa ya buɗe tsakaninmu, kainuwa ta taho ta rufe shi. Hayaƙin turaren yana tashi siriri a gefen zakaran.

Muoi ta ɗaga murfin kwandon ta riƙe shi a hannu.

"Miƙa hannu kawai za ka yi, Nam. Koma."

"A'a," na ce. "Ba zan ɗauke shi ba."